"Ai Ya Bushe": Yadda Za Ku Raba Kayan Gida da Ƙwayoyin Bairos, Hunturu da Damina

Wani hunturu aiki ya kai ni wani gida a ƙauyen da ke kusa da Ringim, inda yara uku suka kwanta da gudawa ɗaya bayan ɗaya cikin mako guda. Ni duba-gari ne, don haka muna gama gaisawa idona ya tafi inda ya saba zuwa: bakin randa, bayan gida, wurin wanke-wanke. Gidan fes yake, an share tsakar gida har ana ganin sawun tsintsiya. A ƙofar ɗakin kakar yaran akwai tabarmar roba, ƙaramin cikinsu yana rarrafe a kai da yatsa a baki, a gefe guda kuma ga wani tabo da ya bushe ya kama saƙar tabarmar. Na ce, "Inna, nan fa?" Ta ce, "Wansa ne ya ɓata wurin shekaranjiya, na goge da tsumma. Ai ya bushe, ɗan nan."

Ban ga laifinta ba, domin haka muka taso muna ji: abin da ya bushe ya mutu. Amma mu ɗin nan ne muke shanya kuɓewa mu daka mu ajiye, bayan wata shida a kaɗa ta a tukunya yauƙinta ya dawo kamar jiya aka tsinko ta. A asibitin karkara ma haka ne. Allurar rigakafin ƙyanda bairos ne, wato wata irin ƙwayar cuta, mai rai da aka raunana, kuma a busasshen gari take zuwa cikin kwalba, ta yi watanni a firiji lafiya lau. Da zarar an dama ta da ruwanta, awa 6 ne wa'adinta, abin da ya rage sai zubarwa. Bushewa ajiya ce. Duk matakan da ke ƙasa a kan wannan suka ginu.

Mataki na 1: Ku san irin ƙwayar da kuke fama da ita

Bairos ba ya hayayyafa a kan kwano ko ƙofa. Sai ya shiga jikin mutum ko dabba yake yaɗo. A waje jira kawai yake, yana raguwa a hankali, kuma aikinmu shi ne mu gajarta masa jiran. Wannan ne bambancinsa da bakteriya irin ta kwalara ko taifot, wadda za ta iya ninkuwa a cikin abincin da ya kwana.

Ta fuskar tsafta, bairos kashi biyu ne. Akwai masu rigar maiƙo: na mura mai zafi, korona, ƙyanda, zazzaɓin Lassa, murar tsuntsaye. Rigar ita ce makaminsu, ita ce kuma lagonsu, domin sabulu yana narkar da ita kamar yadda yake cire man ja daga hannu. Akwai kuma marasa riga, masu ƙoƙon furotin mai tauri: rota da noro masu sa yara amai da gudawa, da na shan inna, da na shawara da ake ɗauka ta ruwa da abinci. Waɗannan su ne masu taurin rai. Sukan yi kwanaki, wani lokaci makonni, a busasshen wuri, kuma man goge hannu mai sinadarin alkohol ba ya cin su sosai. Su sai wanki da ruwa mai gudana, sai bilic, wato ruwan nan na faranta tufafi irin su Jik da Hypo.

Wata gaskiya da ya kamata a faɗa tun yanzu: mura da korona da ƙyanda ta iska suka fi kama mutane. A 2021 hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka ta kiyasta cewa taɓa wurin da ke da ƙwayar korona sau ɗaya, haɗarin kamuwa bai kai 1 cikin 10,000 ba. Ƙyanda kuwa takan yi har awa 2 a iskar ɗaki bayan mai ita ya fita. Inda kayan gida suke da babban hannu shi ne gudawar yara, da Lassa, da annobar kaji. To ku san inda za ku zuba ƙarfinku.

Mataki na 2: Ku koyi karanta danshin iska da gishirin miya

Danshin iska ana auna shi da kaso: nawa ne ruwan da iska take ɗauke da shi, cikin abin da za ta iya ɗauka a wannan zafin. A ƙasar Kano da Jigawa tazarar tana da faɗi ƙwarai. Daga Disamba zuwa Maris, da rana tsaka, yakan sauka ƙasa da kashi 20 cikin 100. A Agusta kuwa yakan kai 80 ko ya wuce, musamman da asuba da kuma a fadamun Haɗeja.

Ba sai kun sayi na'ura ba. Ku zuba ɗan gishiri a faranti, ku ajiye a ɗakin da ake kwana, ku duba da safe. Gishiri yana fara jan ruwa daga iska ya jiƙe ne idan danshi ya kai wajen kashi 75. In kun tarar ya yi laima yana manne wa yatsa, ɗakin ya haura wannan mizani. In yana zuba wara-wara kamar yashi, ga leɓe na tsagewa, ga wanki na bushewa kafin a gama shanya na ƙarshe, kuna can ƙasa. Kowace mai tuwo-tuwo ta san gishirin marka da na hunturu ba ɗaya ba ne. Abin da ba a cika sani ba shi ne wannan halin na gishiri yana aiki a cikin kowane ɗigon atishawa.

Ga yadda abin yake. Ɗigon da ya fito daga hanci ko baki kusan duk ruwa ne, amma a cikinsa akwai gishiri, akwai majina mai yauƙi da sauran furotin, sai ƙwayoyin bairos suna iyo a tsakani. Yana sauka a kan murfin langa ko fuskar waya, sai ruwan ya fara tashi. Abin da zai biyo baya ya danganta da iskar wurin, kuma hali uku ne.

Idan danshi ya yi yawa sosai, ɗigon ba ya saurin ƙafewa. Gishirin cikinsa ya zauna tsararo, ƙwayar tana cikin ruwan da ta saba da shi, sai ta daɗe. Idan danshi tsaka-tsaki ne, tsakanin wajen kashi 45 da 75, ruwan zai ragu amma ba zai ƙare ba, gishirin kuma ba zai koma ƙanƙara ba. Sai ɗigon ya zama ruwan gishiri mai kauri, ya ninka na asali sau da yawa, ƙwayar tana jiƙe a ciki awa bayan awa. Wanda ya taɓa ganin yadda gishiri yake tsotse ɗanyar fata a hannun masu ƙirgi ya san me hakan ke nufi. A nan ne masu rigar maiƙo suka fi saurin lalacewa. Idan kuma danshi ya sauka ƙasa da wajen kashi 45, ɗigon yana bushewa nan take, gishirin ya fita daga ruwa ya dunƙule gefe guda, ƙwayar ta kuɓuta daga azabarsa, ta kwanta cikin busasshiyar majina kamar kuɓewar nan ta cikin ƙwarya.

Farfesa Linsey Marr ta jami'ar Virginia Tech a Amurka da abokan aikinta sun nuna wannan tsari a kan ƙwayar mura a 2012. A 2021 wasu masana suka auna korona a kan roba: a sanyin digiri 10 da danshin kashi 40, sai da aka haura awa 24 kafin rabin ƙwayoyin su mutu, amma a digiri 27 da danshin kashi 65, wajen awa ɗaya da rabi ya isa. Ku lura da hannun zafi a ciki. Zafi yana kashewa, sanyi yana adanawa. Shi ya sa Afrilu, duk da bushewarta, rana mai haura digiri 40 tana taimakonmu a kan abin da ke waje. Hunturu ne ya haɗa biyun da ƙwayar take so, bushewa da sanyi. Tun a 2007 wani gwaji da aka yi da ɓerayen masar a birnin Niyok ya nuna mura ta fi yaɗuwa tsakaninsu ta iska a danshin kashi 20 zuwa 35 da sanyin digiri 5, yaɗuwar ta iska kuma ta tsaya cak a danshin kashi 80 da ɗumin digiri 20.

Sai dai akwai abin da ya fi duk waɗannan alƙaluma muhimmanci ga mai gida, wato majinar kanta. A 2018 aka maimaita gwajin mura da ainihin ruwan hanyar numfashin mutum, sai aka ga ƙwayar ta jure kusan a kowane irin danshi, domin majinar ta zame mata bargo. A Suwizalan a 2008 an ɗiga ƙwayar mura a kan takardun kuɗi: ita kaɗai ta yi har kwana 3, da aka cakuɗa ta da majina ta kai kwana 17. Kashi da amai da jini duk haka suke yi wa ƙwayar rumfa. Saboda haka kada wanda ya ce yanayi zai yi masa aikin tsafta. Yanayi yana gaya muku lokacin da za ku ninka himma ne kawai.

Mataki na 3: Ku bi sawun hannu, ku fitar da wuraren da suka fi haɗari

Ku zauna a tsakar gida na rabin awa da hantsi, ku kalli abin da hannaye suke taɓawa. A yawancin gidajenmu jerin ba ya wuce wannan: hannun buta, moɗar randa, murfin masai, fo ɗin yara, marikin ƙofa, waya da ake miƙa wa juna, tocila, igiyar guga, da hannun famfon tuƙa-tuƙa da unguwa guda take kamawa. Buta ce ta fi damuna. Da ita ake shiga bayan gida, a fito a ajiye, wani ya ɗauka ya yi alwala, yaro ya ɗauka ya kafa baki.

Irin kayan ma yana da tasiri. Abu mai santsi da ba ya shan ruwa, kamar roba, silba, tangaran da gilashi, shi ya fi riƙe ƙwaya da rai. Abu mai shan ruwa, kamar atamfa, takarda da kwali, yana tsotse ɗigon ya warwatsa shi, kuma ba ya saurin mayar wa hannu abin da ya sha. Wani bincike na 1982 ya sami ƙwayar mura da rai awa 24 zuwa 48 a kan ƙarfe da roba, amma ƙasa da awa 12 a kan tufa da takarda. Na korona a 2020 ya sami har awa 72 a kan roba da ƙarfe mara tsatsa, awa 24 a kan kwali, awa 4 kacal a kan jan ƙarfe. Wato tabarmar roba da ta maye gurbin ta kaba a ɗakunanmu ta fi buƙatar wanki, sa'ar da aka yi ita ce ta fi sauƙin wankuwa. Kuɗi kuma, na leda irin naira 20 da 50 ne ko na takarda, ba a wanke su. A bar lasar yatsa wajen ƙirga, a hana yara sa su a baki, a wanke hannu kafin cin abinci.

Mataki na 4: Sabulu tukuna, kafin komai

Wannan shi ne matakin da aka fi tsallakewa. Mutum zai ga ƙazanta ta bushe, ya watsa mata bilic, ya tafi da zuciya ɗaya. Alhali kulorin da ke cikin bilic yana ƙarewa ne a kan duk dattin da ya fara tararwa. Ya ci saman majinar ya mutu a nan, ƙwayar da ke ƙasa ko gezau.

Ga yadda na nuna wa Inna a ranar. Aka fitar da tabarmar waje, nesa da randa da murhu. Na sa leda a hannu biyu na ɗaure a wuyan hannu, tunda babu safar roba. Muka jiƙa tabon da ruwan omo muka bar shi minti biyar ya yi laushi, domin kankare busasshiyar ƙazanta yana tayar da ita ta zama ƙura. Sannan aka cuɗa da soso daga gefen tabon zuwa tsakiya, aka ɗauraye, ruwan ya tafi rami ba inda yara ke wasa ba. Bayan nan ne bilic ya shigo. Ta ce, "Ashe wankin ma da gaba da baya." Na ce, "Sosai kuwa, Inna."

A kula da tsumma. Tsumma ɗaya da ya goge hancin yaro, ya goge tire, ya goge hannu, rarraba cuta yake yi, kuma da muguwar rawa gara ƙin tashi. A ware na bayan gida daban, a ɗaura masa ƙulli don a gane shi. A wanke tsumma da sabulu kullum, a shanya a rana ya bushe ƙayau. Masu shayi da masu abinci a tasha, ruwan ɗauraya na bokiti guda tun safe har azahar ya zama romon ƙazanta: bokiti biyu, na kumfa da na ɗauraya, a riƙa sauyawa, a kife kofuna su tsane.

Hannu kuma, sabulu da ruwan da ake zubowa daga buta ko jarka, a cuɗa aƙalla daƙiƙa 20, har tsakanin yatsu da ƙarƙashin farce. Sabulun salo ya wadatar. In babu ko ɗaya, toka mai tsabta ta fi ruwa zalla. Abin da ba shi da amfani shi ne kwano ɗaya da mutum takwas za su tsoma hannu a ciki kafin tuwo, na ƙarshe yana wanka da dattin bakwai.

Mataki na 5: Haɗa ruwan bilic daidai

Ku duba jikin robar ko ledar. Bilic ɗin da aka fi samu a shagunanmu, irin su Jik da Hypo, galibi ƙarfinsa kashi 3.5 cikin 100 ne, kuma lissafin nan a kansa yake. In naku ya bambanta, ku nemi ma'aikacin lafiya ya gyara muku awon.

Haɗi mai ƙarfi, na kashi 0.5, don inda kashi ko amai ko jini ya zuba: awo 1 na bilic, awo 6 na ruwa. Kowane mazubi ya yi, gwangwanin madara ko murfin jarka, muddin da shi aka auna duka biyun. A bar shi a wurin minti 10.

Haɗi na yau da kullum, na kashi 0.1, don buta, ƙofa, fo da tabarmar roba: cokalin cin abinci 2 na bilic a lita 1 ta ruwa, wato ledar fiya wata biyu. Ko kuma a ɗebi awo 1 na mai ƙarfin nan a ƙara masa awo 4 na ruwa.

A nan hunturu yana da wata dabara da ya kamata ku sani. Bilic yana aiki ne muddin wurin yana jiƙe, kuma ana so ya zauna aƙalla minti 1. A watan Janairu, in kun shafa da tsumman da aka matse, kafin ku juya ya bushe, bai yi komai ba. Ku jiƙa wurin sharaf, in ya fara bushewa ku ƙara. Kwanon abinci da abin da yaro ke sa wa a baki a ɗauraye su da ruwa bayan nan. Ƙarfe ma a ɗauraye, don bilic yana sa tsatsa. Waya kuwa ba ta son sa: a goge ta da auduga da alkohol mai ƙarfin kashi 70.

A haɗa sabo kullum, domin zafi da haske suna kashe ƙarfinsa, kuma da ruwa mai sanyi mai tsabta, ba na kududdufi ba. Kada a taɓa gauraya shi da maganin wanke masai na kanti, ko ruwan batir, ko wani sinadari, hayaƙin da zai tashi yana ƙona huhu. Kada a zuba shi a robar lemo, na ga yaron da ya kurɓa yana zaton ruwa ne. Kada kuma a fesa wa mutum a jiki. Tun a watan Mayun 2020 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce feshin tituna da kasuwanni da jikin mutane ba shi da fa'ida, ƙura da datti suna cinye maganin, mutane kuma su kwashi illarsa.

Mataki na 6: Kada a yi shara a bushe

Iyayenmu mata da suke yayyafa ruwa kafin shara sun riga masana. Duk abin da ya bushe a ƙasa, kaki ne, kashin kaji ne, fitsarin ɓera ne, tsintsiya tana mayar da shi iska. A yayyafa ruwa, in da hali mai ɗan omo, a fitar da jarirai, a buɗe taga, sannan a share.

Wannan ya fi tsanani a rumbu da ɗakin ajiya. Zazzaɓin Lassa, wanda aka fara ganowa a 1969 a garin Lassa na jihar Borno, ɓera mai yawan nonuwa ne yake ɗauke da shi, yana zubar da ƙwayar a fitsari da kashi ba tare da shi ya yi ciwo ba. Cutar ta fi tashi daga Disamba zuwa Afrilu, lokacin da daji ya bushe aka ƙone shi, ɓeraye suka dawo gida neman hatsi. Maƙwabciyarmu Bauchi tana cikin jihohin da suka fi fama da ita. In za ku buɗe ɗakin da ya daɗe a rufe, ku bar ƙofa a buɗe rabin awa, ku ɗaure hanci da baki, ku jiƙa kashin ɓeran da haɗin bilic mai ƙarfi, ku kwashe da leda a hannu ku binne. Mataccen ɓera ma haka, ba a ba yaro ya ɗauka da wutsiya. Gari da tsaki da shinkafa a zuba su a mazubi mai murfi, kwanukan dare a kife ko a rufe, shanyar hatsi a bakin titi kuma a kwashe ta kafin magariba. Zazzaɓin da ya ƙi jin maganin maleriya kwana biyu zuwa uku, a tafi asibiti, kuma layin hukumar yaƙi da cututtuka ta ƙasa, NCDC, na kyauta shi ne 6232.

Mataki na 7: Rana da iska, da gyaran ɗakin hunturu

Rana ce maganin da ba mu biya. Wani gwaji a Amurka a 2020 ya nuna haske mai ƙarfin ranar bazara yana kashe kashi 90 cikin 100 na ƙwayar korona da ke cikin busasshen yawu a kan ƙarfe cikin kusan minti 7. Amma sai inda hasken ya taɓa kai tsaye. Gilashin taga yana tare sashen hasken da ke yin aikin, inuwa da ninkin bargo ma haka, hazon hunturu kuma yana rage shi. Don haka a baza katifa da bargo da darduma sosai, a juya su, a ba su yini guda in akwai hazo. Dardumomin masallaci da tabarmin makarantar allo, inda goshi da hanci da yawa suke sauka a wuri ɗaya, sun cancanci wannan ko da sau ɗaya a mako.

Ɗakin kwana a hunturu shi ne matsala. Sanyi ya sa an toshe taga da tsumma, an saki labule, mutum shida ko bakwai suna numfashi a ciki har asuba. Masana a Biristol ta Ingila sun gano cewa ɗigon numfashi yana fita daga baki sai ya saki iskar kabon da ke narke a cikinsa, wato iskar da muke fitarwa in mun numfasa, ya koma mai kaifi irin na ruwan kanwa, kuma wannan kaifin yana lalata ƙwayar korona. A ɗakin da numfashin mutane ya cika, iskar kabon ta yi yawa, sauyin ba ya tafiya da sauri, sai ƙwayar ta ƙara kwana. Ga kuma hancinmu: busasshiyar iska tana ƙafar da majinar da ke share hanyar numfashi, har ta kai ga haɓo, kuma sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Abin yi ba shi da wuya. A bar 'yar kafa a sama ko da faɗin tafin hannu ce, a ƙara bargo maimakon toshe ɗaki. Da hantsi a buɗe ƙofa da taga gaba ɗaya. Masana da yawa suna ganin danshin kashi 40 zuwa 60 ya fi dacewa da ɗaki. Rataya jiƙaƙƙen zane ko yayyafa wa daɓe ruwa da yamma yana ɗan ɗaga shi, ko da yake a ɗakin da iska ke ratsawa tasirin kaɗan ne, kada a dogara da shi. Mai mura ya kwana kusa da taga, ya yi tari a gwiwar hannu, ya tofa kaki a gwangwani mai toka a zubar a masai, kofinsa daban. Garwashin jin ɗumi kuwa a fitar da shi kafin barci. Hayaƙinsa marar wari yana kashe mutane a rufaffen ɗaki.

Mataki na 8: In damina ta sauka, a juya dabara

Yanzu gishirin faranti ya jiƙe, komai ya ƙi bushewa, kuma hanyar cuta ta koma ruwa da laima. Marasa riga irin na shan inna sun fi daɗewa a jiƙaƙƙen wuri, ga kwalara tana bin ambaliya. A kafa tanka a ɗaga kwanuka daga ƙasa. Moɗa ta samu ƙusa a rataye ta, a ɗebi ruwa da ita a zuba a kofi, ba a kafa mata baki a mayar randa ba. A wanke randa duk mako, a rufe masai, kashin yara ya tafi masai nan take, domin na jariri ma cike yake da ƙwaya. Rana tana leƙowa a fitar da shimfiɗa.

Tsafta ba ta maye gurbin rigakafi. Tun 2022 ɗigon rota ya shiga jerin rigakafin yara na ƙasa, ana ba da shi a mako 6, 10 da 14, allurar ƙyanda kuma a wata 9 da wata 15. Yaron da gudawa ta kama a fara masa ruwan gishiri da sukari na leda da ƙwayar zinc, a ci gaba da ba shi nono. In ido ya faɗa, ko ya ƙi sha, ko akwai jini, sai asibiti.

Mataki na 9: Akurki da kejin kasuwa

Duk mai kiwo ya san hunturu ne lokacin da annoba take share kaji, a wayi gari akurki ya zama wayam. Dalilin bai bambanta da na sama ba: ƙwaya mai rigar maiƙo, cikin kashin da ya zame mata bargo, a yanayin sanyi. An auna ƙwayar murar tsuntsaye ta H5N1, wadda ta fara ɓulla a Afirka a wata gonar kaji ta jihar Kaduna a farkon 2006 kafin ta iso Kano, tana rayuwa a kashin kaji aƙalla kwana 35 a sanyin digiri 4, kwana 6 a zafin digiri 37.

Kazar da aka sayo a kasuwar Wudil ko Maigatari, ko wadda aka kai ba a sayar ba aka dawo da ita, a ware ta mako biyu kafin ta haɗu da na gida. Kejin da ya je kasuwa a jiƙa shi, a kankare kashin, a wanke da omo, a zuba bilic, a bar shi a rana. Takalmin shiga akurki ya zauna a ƙofar akurki. Kashin da aka kwashe a tara shi nesa da gida a rufe, zafin ruɓewa zai yi aikinsa kafin a kai gona. A nemi malamin dabbobi ya ɗiga wa kaji rigakafin annobar kaji ta Newcastle da cibiyar binciken dabbobi ta Vom a jihar Filato take yi, tun kaka kafin sanyi ya shigo. In kaji suka fara mutuwa da yawa a kwana ɗaya ko biyu, kada a yi saurin yankawa a kai kasuwa, kada a jefar a juji karnuka su ja. A sa leda a hannu, a haƙa rami mai zurfi nesa da rijiya a binne, a sanar da ofishin dabbobi na ƙaramar hukuma a ranar, yara kuma kada su shiga akurkin sai an wanke shi ya sha rana.